Harsasan Gonar Kwari

Pruitt Gap, Virginia
8 ga Maris, 1976

Zuwa ga taubashina Delmer,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya a can ƙarshen duniyar da ka je ka maƙale. Yaya sanyi? An ce mini a Alaska in mutum ya tofar da yawu, kafin ya kai ƙasa ya daskare. In haka ne sai ka rage surutu. Ni lafiya lau, sai gwiwar hagun nan da ke tuna mini shekaruna kowace safiya. 'Yata Maxine da yaranta suna Richmond, suna gaishe ka. Wurin matar ƙaninka na karɓi adireshin sansaninku, sai da na sha shayinta marar daɗi har kofi biyu kafin ta ba ni.

Ka san ni, ba gaisuwa ce ta sa na ɗauki biro ba. Masu hanya sun zo. Za a ja sabuwar hanyar mota daga garinmu zuwa babban titi, kuma sun kafa turakunsu masu jan ƙyalle ta tsakiyar gonar kwari, ɗaya ma a bakin marmaro aka kafa shi. Delmer, shanuna ba su da wani ruwa sai marmaron nan. Rijiyar gida da ƙyar take isar ni girki da wanka in rani ya yi. In suka binne shi shanu sun tafi, in shanu suka tafi ni ma na tafi, sai ɗakin baya na gidan Maxine, in zauna ina kallon bangon maƙwabta. Tun da mijina Alton ya rasu take ja na in koma wurinta, yanzu ta sami masu taya ta.

Na je ofishinsu. Wani mai siririn gashin baki ya ce abu ɗaya ne zai sa a karkatar da hanyar ta bi ta gindin dutse, wato in aka tabbatar wurin tarihi ne. Na ce masa ai an yi faɗa a nan lokacin yaƙin basasar Arewa da Kudu, shekara ɗari da ɗoriya da suka wuce. Kakata Mahala, yayar kakanka, tana yarinya ta kwanta a ɗakin dutsen da ke kan marmaron tana jin harsasai suna wucewa. Ya ce babu wannan faɗan a kowane littafi. Na ce masa Kaka ba ta iya rubutu ba, amma ba kurma ba ce. Ya ce a watan Yuni wata mata daga ofishin tarihi za ta zo ta duba, abin da ta rubuta shi za a bi.

Shi ya sa na ɗauko injin nan naka na neman ƙarfe da ka bari a rumbuna. Kada ka ɓata rai, na riga na ɗauka. Da farko ƙusoshi da takalman dawaki ya yi ta nuna mini, har na kusa jefa shi a rafi. Da na hau tudun da ke saman marmaro kuwa sai ya fara kuka ba ƙaƙƙautawa. Na tono harsasai cike da tafin hannu, farare fat kamar an tsoma su a alli, ga nauyi, yawancinsu sun baje ta gaba. Na ɗora su a bayan takardar nan na zagaye su da fensir.

Shekara talatin kana cika mana kunne da zancen harsasai a kowane taron dangi, har mutane suna guduwa su bar abincinsu. To yau ranarka ta zo. Ka gaya mini na wane ɓangare ne, da abin da zan ce wa matar nan.

Taubashiyarka,
Vesta

*

Sansanin bututun mai, Alaska
2 ga Afrilu, 1976

Vesta,

Na sami wasiƙarki, na kuma ji daɗin jin kina lafiya. Ki riƙa ɗaure gwiwar da tsumma mai ɗumi. Ni ina nan, walda daga safe har duhu, bayana yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Abinci akwai shi har a bar shi, amma babu wanda ya iya burodin masara a nan. Kuma na girme ki da shekara biyu, ban ga "Yaya" ko ɗaya a wasiƙarki ba, alhali roƙo kika zo yi.

Zancen marmaro ya taɓa ni, na sha ruwansa tun ina tsirara. Amma zanen da kika aiko, don Allah me zan yi da shi? Na juya shi sama na juya shi ƙasa, abokin ɗakina ya leƙo ya ce wa ya aiko mini da hoton dankali. Ba a gane harsashi da zagayen fensir.

Ki saurara da kyau. Kowa a garinku zai ce miki mai zobe uku na Arewa ne, mai zobe biyu na Kudu. Rabin gaskiya ce, kuma ita ke sa mutum ya ji kunya a gaban wanda ya sani. Zobe shi ne tsagar da ta kewaye jikin harsashin. 'Yan Kudu ma sun zuba masu uku, sun kuma kwashe na Arewa a fagen fama sun harba musu abinsu. Akwai wanda ba shi da zobe sam, sumul yake, daga Ingila ake kawo shi ta jirgin ruwa. Sai kin juya gindinsa kin duba ramin da ke ciki, mai tsini ne ko mai faɗi, sai kin ɗora shi a sikeli. Ki je wurin mai kemis ya auna miki. Wanda ya baje ta gaba an harba shi ya daki wani abu. Wanda yake lafiya ƙalau faɗuwa ya yi daga jakar soja wajen ɗura bindiga.

Ki tsabtace su sosai yadda zoben zai fito, ki zuba mini wasu a kwali ki aiko in gani da idona.

Sannan tafin hannu ɗaya ba hujja ba ce. Kowane manomi a kwarinmu yana da tafin hannu ɗaya a gwangwani a kan taga. Ki tara duk abin da za ki iya samu, ki cika wa matar nan tebur har ta rasa inda za ta ajiye jakarta. Ki nemi Buford Stultz, mai gyaran taya, ɗan ƙungiyarmu ta masu tonon harsasai ne, zai zo da mutane. Shekara ashirin ina roƙon Alton ya bar ni in shiga gonar nan ya hana, wai shanunsa za su karye a ramukana. Yanzu ga shi an buɗe ta ina nan ina ƙona ƙarfe a cikin ƙanƙara. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba.

Ki riƙa cire wa injina batir in kin gama.

Yayanki, ko kin ƙi ko kin so,
Delmer

*

Pruitt Gap
17 ga Mayu, 1976

Delmer,

Ina gaisuwa. Ina fata bayan ya yi sauƙi. Gwiwa dai ta kumbura, amma da dalili, za ka ji. Jar saniyar nan ta haihu, mace, tana tsalle.

Na bi maganarka tiryan-tiryan, ka ga ashe ina jin magana in na ga dama. Fasto ya yi sanarwa bayan sujada. Ranar Asabar Buford ya zo da abokansa da injina biyar, 'yan coci kuma suka zo da shebur da cokulan tono. Mata suka dafa wake da naman alade a tukunyar coci. Ka ga tudun nan a ranar, ka ce kasuwa ce. Buford ya jera su kafaɗa da kafaɗa suka tashi daga shinge zuwa shinge, suka juyo suka sake bi ta gicciye. Da yamma ya ce mini, "Uwargida, in kin sami ko ɗaya a tudun nan bayan yau, zan ci hulata." Sun sauka kwari ma sun zagaya marmaro, amma can injin ko tari bai yi ba, sai suka komo.

Bokiti biyu muka cika, har da maɓallan riga da wani guntun ƙarfe da Buford ya ce na ɗamara ne. Mutanen kirki, ko ɗaya ba su sa a aljihu ba, ko da yake na ga idon wani ya yi ja da na ɗauke bokitin. Muka cike ramuka tsaf saboda shanu.

Sai tsabtacewa. Kai, na sha wuya. Farin abin nan da ya manne musu ya ƙi fita da ruwa da sabulu, sai da na jiƙa su a ruwan tsami na kwana, na bi su ɗaya bayan ɗaya da soson ƙarfe. Yatsuna duk sun tsage. Amma yanzu in ka gan su sai ka yi murna, suna walƙiya kamar sababbin cokula, zoben kowanne ya fito raɗau. Na shimfiɗa farin zanen teburin da nake ajiyewa don Kirsimeti na jera su a kai, manya daban, ƙanana daban.

Mai kemis ya auna mini guda goma ya ce sikelinsa na magani ne, ba na maƙera ba. Na rubuta nauyin a jikin kwalin. Na cika maka kwalin takalmi na aika yau, na ɗebo su ne daga kowane bokiti ba zaɓe. Matar za ta zo tara ga Yuni. Ka yi sauri ka rubuto mini sunayensu in haddace. Rabona da barci mai daɗi irin na makon nan tun kafin a kafa turakun.

Vesta

*

Alaska
1 ga Yuni, 1976

Vesta,

Lafiya lau nake, ko kuwa lafiya nake kafin in buɗe kwalinki.

Me kika yi haka? Ruwan tsami? Soson ƙarfe? Farin nan da kika kankare shi ne furfurar harsashi. Dalma sai ta shekara ɗari a ƙasa kafin ta yi shi, shi ne kaɗai shaidar da kowa zai gani ya yarda tsoho ne. Da na ce ki tsabtace, ruwa nake nufi da tsohon burushin haƙori, a fitar da ƙasa daga cikin zobe. Yaron da ya fara tono jiya ma ya san wannan. Buford yana ina kika yi wannan ɓarna? Ba ki da bakin tambaya ne?

Abin da kika aiko mini yanzu ba shi da bambanci da wanda zan narka in zuba a bayan ɗakin girki gobe. Na kalle su sau ɗaya na rufe kwalin na tura shi ƙarƙashin gado, don in na ci gaba da kallo zan rubuta abin da zai raba zumunci. Gonar da na jira shekara ashirin, kin wanke ta kamar tukunya.

Delmer

*

Pruitt Gap
12 ga Yuni, 1976

Delmer,

Ina fata kana lafiya. Ba zan yi maka ƙarya in ce ni lafiya nake ba.

Wasiƙarka ta zagi ta iso washegarin zuwan matar, saboda haka ka makara, an riga ka. Sunanta Dokta Renfro, 'yar siririya, da takalmin shiga laka. Na so a ce mai girman kai ce in sami wanda zan tsana, sai ta zo da ladabi, har ta tambayi sunan 'yar maraƙar. Na shigar da ita ɗaki na yaye mayafin da na rufe tebur da shi. Ta tsaya tana kallonsu. Na ɗauka mamaki ne ya kama ta, har na fara murmushi.

Ta ɗauki ɗaya ta ce, "Mama, wannan daga ina ya fito?"

Na ce, "Daga tudu."

Ta ce, "Ta wane gefen tudun? Kusa da wanne yake kwance?"

Na ce, "'Yata, bokiti biyu ne fa. Wa zai tuna?"

Ta zauna a kujerar Alton ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce ba yawansu take nema ba, inda kowanne yake kwance take nema. In suna ƙasa, a bi su a sa alama, sai a ga inda waɗannan suka tsaya, inda waɗancan suka tsaya, ta ina aka yi harbi. Wannan shi ne zai nuna an yi faɗa. A bokiti kuwa, ta ce, ba ta da yadda za ta rubuta cewa daga gonata suka fito, ba daga gwangwanayen maƙwabta aka tattaro mini ba. Game da walƙiyar kuma, ta tuna mini cewa lokacin bikin cika shekara ɗari da yaƙin, maza sun yi ta zuba sababbi suna gasar harbi da tsofaffin bindigogi a ko'ina cikin kwarin nan. Na tuna kuwa, har da kai a ciki, da wandon sojan da ya ƙi rufe maka ciki.

Ta ce mu hau tudun ko an bar wani abu. Ta ɗauko nata injin ta yi ta zagaye har rana ta karkata, ina biye da ita da gwiwar nan. Ƙusa ɗaya ta samu. Buford ba zai ci hularsa ba, aikinsa ya yi kyau.

Da za ta shiga mota ta ce ta yarda da Kaka Mahala a zuciyarta, amma zuciya ba ta shiga rahoto. Za ta riƙe takardar har tsakiyar Agusta. In an sami wani wuri a gonar da ba a taɓa ba, in kira ta kafin kowa ya sa shebur.

Yanzu ni da kai. Kankarewar nan na ɗauka, hannuna ne ya yi, ko da yake "sosai" ka rubuta, ga takardar a gabana, babu burushin haƙori a cikinta ko ɗaya. Amma wa ya ce in tara duk abin da zan iya samu? Wa ya ce in cika mata tebur? Wa ya turo mini Buford da rundunarsa? Ku masu tonon nan kun san sunan kowane harsashi da sunan uban wanda ya zuba shi, amma tunaninku bai wuce a ciro a sa a aljihu ba. Ni marmarona nake kuka, kai kana kukan furfura. Ko sau ɗaya ba ka ambaci shanuna a wasiƙarka ba.

Ka riƙe shawararka. Kada ka ƙara aiko mini da ita, wadda na samu ta ishe ni.

Vesta

*

Pruitt Gap
20 ga Yuli, 1976

Yaya Delmer,

Ga "Yayan" nan na rubuta, sai ka sa a gilashi ka rataye. Ina fata lafiya ce ta sa ka yi shiru. Ni dai ina nan, zafi ya yi yawa, rijiyar gida ta fara ja da baya.

Fushi na yi, ba rantsuwa ba. Kai ma ka san bakina tun muna yara. Kullum sai na taka har bakin titi na buɗe akwatin wasiƙu, babu komai sai takardun talla. Na sake bin gonar da injinka lungu-lungu, har bayan rumbu da gefen rafi, shiru. Masu awo sun dawo sun ƙara turaku. Maxine ta zo ta auna gadona da igiya ta ga ko zai shiga ɗakin nata, a gabana, ko kunya ba ta ji ba.

Kwalin yana wurinka. Ka duba shi don Allah, ko akwai wani abu a ciki da zan kai wa matar nan. Saura 'yan makonni ta miƙa takardarta.

Ƙanwarka,
Vesta

*

Sabon sansani, arewacin Alaska
23 ga Agusta, 1976

Vesta,

Lafiya nake, ki yafe gajeriyar gaisuwa, jirgin wasiƙu zai tashi da rana. An mayar da mu wani sansani can gaba, wasiƙarki ta Yuli ta yi ta yawo a bayana, shekaranjiya ta same ni. Kin ce kada in ƙara aiko da shawara, ni kuma na ce to shi ke nan, bari ta gani. Taurin kai ne na gidanmu, ke ma kina da rabonki.

Jiya Lahadi na juye kwalin a kan bargo na bi su ɗaya-ɗaya. Vesta, ki zauna ki karanta wannan a hankali.

Iri biyu ne kawai a ciki. Akwai sumul ɗin nan na Ingila, akwai mai zobe biyu da ake zubawa a Richmond, wanda bakin gindinsa yake naɗe don ya riƙe takardar albarushi. Wannan na biyun babu wanda ya taɓa zuba shi sai Kudu. Kuma dukkansu an harba su. Soson ƙarfenki bai iya goge shatar bakin bindiga ba, tana nan a jikinsu. Babu ko ɗaya da ya faɗi daga jaka, babu na Arewa ko ɗaya.

Kin gane abin da wannan ke nufi? Tudun nan inda harsasai suka sauka ne. 'Yan Arewa ne a kai, ana harbo su daga ƙasa. To masu harbin a ina suka tsaya? Babu inda mutum zai fake a ƙasan tudun nan sai bakin marmaro, bayan tsohuwar katangar dutse. Can ya kamata a sami waɗanda suka zube daga hannunsu, da waɗanda 'yan Arewa suka rama da su. Kin rubuta mini cewa injin ko tari bai yi ba a kwari. Ba don babu ba ne. Kin tuna ambaliyar da aka yi muna samari, wadda ta tafi da gadar ƙarfe? Laka ta shimfiɗa a kwarin nan har katangar ta nutse, babanki ya shekara yana ƙorafi. Injina ba ya jin abin da ya wuce taƙi guda. Rabin faɗan yana nan kwance a ƙarƙashin lakar, babu wanda ya taɓa shi, ni ko Buford ko ke.

Kada ki tona da kanki. Kada ki gaya wa Buford. Ki kira Dokta Renfro yau, ki ce ta haƙa rami mai zurfin ƙugu daga ɗakin marmaro ta bi layin katangar zuwa rafi. In ba ta same su a jere ba, ki ƙona injina.

Na san ranar da ta ba ki ta wuce, amma takarda ai ana janye ta. Yaya shanun? Yaya 'yar maraƙar?

Yayanki,
Delmer

*

Pruitt Gap
13 ga Satumba, 1976

Delmer,

Na gode da tambayar shanu. Suna nan. Ni ma ina nan, gwiwa ta yi sauƙi tunda yanzu babu inda nake hawa.

Wasiƙarka ta zo ranar Laraba. A baranda na karanta ta, sai da na maimaita wasu layukan saboda ƙarar katafila. Tun Litinin ta makon da ya gabata masu hanya suka shiga gonar. Dokta Renfro ta riƙe takardarta har ta ƙara mini mako guda a kan alkawari, ta kira ni sau biyu tana tambaya ko akwai labari, na ce babu. Ɗakin marmaro suka fara turewa. Duwatsun da Kaka ta kwanta a bayansu ko minti goma ba su yi ba.

Ranar Alhamis aka yi ruwa mai ƙarfi, ma'aikata ba su fito ba. Da ya ɗauke na sa takalmin Alton na sauka. Sun yanke ƙasar ta kai zurfin ƙirjina. Ruwan ya wanke bangon yankan, ga su nan, Delmer. Farare, a jere, daga inda ɗakin yake har zuwa rafi, daidai layin da ka faɗa. Na durƙusa na duba ba tare da na taɓa ba. Masu zobe biyu lafiyayyu, ko ƙwarzane babu, wasu uku-uku wuri ɗaya kamar yanzu suka zube daga hannun mutum. A tsakaninsu ga masu zobe uku da suka baje a jikin duwatsun katangar. Ka ga har na iya, ba wanda ya tsaya a kaina.

Na koma gida na kira ta. Washegari da sassafe ta zo da kyamara da mutum biyu, ta roƙi shugaban ma'aikatan ya ba ta wuni ɗaya. Ya ba ta rabi, yana duba agogo. Suka yi ta awo suna kafa 'yan tutoci, direbobin katafila kuma suna bin gefe suna cika aljihu. Ɗayansu ma ya miƙo mini guda, wai in ajiye don tunawa. Na ce ya riƙe, ina da bokiti biyu.

Na tambaye ta ko yanzu za a tsaya. Ta kasa kallona. Ta ce da a watan Yuli aka ga wannan, da hanya ta bi ta gindin dutse, babu ko shakka. Yanzu an riga an fasa idon ruwan, an sa shi a bututun siminti ya bi ta ƙarƙashin hanya ya fita can gonar maƙwabcina Stickley. Amma za ta rubuta faɗan ya shiga littafi, kuma za a kafa allon ƙarfe a gefen titi, da sunan Kaka Mahala a jiki. Ta ce wanda ya gano wannan daga kwalin takalmi ya san aikinsa, in ba ta cikakken sunanka. Na ba ta, har na gaya mata yadda ake rubutawa.

To ka yi gaskiya. Ban taɓa ganin mutumin da ya yi gaskiya irin taka ba. Tun farkon Yuni kwalin nan yake ƙarƙashin gadonka, kana kwana a kansa kana jira in gani. Ni kuma da bakina na ce ka yi shiru. Na rasa wanda zan fi jin haushi a cikinmu, sai in fara da kai in ƙare da kaina, in sake komowa kanka.

Maxine za ta zo ƙarshen wata da motar kaya. Gadon ba zai shiga ba, ta ce za ta saya mini ƙarami.

Masu hanya sun ja waya ta raba gonar biyu. Shanun ba su gane ba. Kowace yamma sai su gangara ta hanyarsu ta kullum, su tsaya a jikin wayar suna kallon inda suka saba sha, suna kuka har in fito. Daga rijiyar gida nake ja musu, ba ya isa, jar saniyar nononta ya fara ƙafewa. Ranar Asabar mai saye zai zo ya kwashe su. Na roƙe shi kada ya raba ta da 'yarta, ya ce zai duba.

Vesta